Bayan Windows 10: wace manhaja ta dace da mai haɗa kwamfuta a Abuja?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariyar tsaro kyauta, lissafi ya sauya wa matasan da ke zuwa Banex Plaza da ke Wuse 2 su sayi sassan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, su haɗa a gida. A da, sai an gama haɗa na'ura ake tunanin manhajar da za ta tafiyar da ita. Yanzu wannan shawara tana farawa ne tun a wurin cinikin furosesa da madabod.

Dalili kuwa shi ne Windows 11 ba ta karɓar kowace na'ura. Tana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa daga zubi na 8 zuwa sama. Kayan gwanjo masu araha da yawa sun girmi wannan ƙa'ida. Wanda ya yi murnar samun Core i5 zubi na 6 da rahusa, ya sayi na'urar da tun ranar farko take wajen layin kariya.

Sai batun kuɗi. Microsoft na sayar da Windows 11 Home a kan Dala 139, Pro kuma kusan Dala 200. Bayan faɗuwar darajar Naira tun daga Yunin 2023, farashin Home kaɗai ya kai kimanin Naira dubu 200, wato kusan ninki uku na mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70. Duk da haka, da yawa Pro suke nema, don sunan ya fi cika baki. Abin da ta ƙara shi ne cikakken tsarin kulle bayanai na BitLocker, da damar shiga na'urar daga nesa, da haɗa ta da rukunin kwamfutocin ofis. Ɗalibi ko mai tace bidiyon biki ba zai taɓa ko ɗaya daga ciki ba, kuma Pro ba ta fi Home gudu ba. Rarar Dala 60 ta fi amfani a wajen ƙarin ma'ajiya, ko UPS, ganin yadda wuta ke yi.

Inda haɗarin yake shi ne lambobin lasisi da ake tallatawa a intanet kan 'yan dubbai. Wasu na kamfanoni ne da aka karkatar, ana iya soke su kowane lokaci. Kwafin da aka fasa ya fi muni, domin mai shi bai san abin da aka cusa a ciki ba, kuma a kan wannan na'ura zai buɗe asusun bankinsa. Ko halastaccen lasisi ma iri biyu ne: na OEM yana manne da madabod ɗin da aka fara sa shi, na sari-ɗaya kuwa yana bin mai shi zuwa sabuwar na'ura, abin da ya dace da mai yawan sauya sassa.

Ga wanda tsohuwar furosesa ta riga ta shiga hannunsa, akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta, kuma Ubuntu 24.04 na da kariya har 2029. Sai dai Photoshop da CorelDRAW, waɗanda masu zanen kati da fosta ke cin abinci da su, ba su da nau'in Linux.