Abuja: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk ɗan Arewa mazaunin Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ba ya rasa takardar Naira ashirin a aljihu. To, ya fiddo ta ya dube ta da kyau. A fuska guda hoton Janar Murtala Muhammad ne, wanda ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, ya yi wa ƙasa shelar cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya, kwana goma kafin a kashe shi. A ɗaya fuskar kuwa Ladi Kwali ce, shahararriyar maginiyar tukwane, Bagwariya, 'yar ƙasar da aka aza birnin a kanta. Ga mai alkawari ga mai ƙasa a kan takarda guda, kuma abin takaici shi ne dukansu biyu ba a riƙe musu amana ba.

Dalilin tashi daga Ikko ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna cikinta a wancan zamani. Gari ya cushe, ruwa ya tare shi ta kowane gefe, jiragen siminti sun yi cirko-cirko a bakin Apapa a 1975 wata da watanni babu wurin sauke kaya. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a koma tsakiya, inda babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilun nan uku da za ta bugi ƙirji ta ce garin ubanta ne. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, aka kafa ta da Doka ta 6 ta 1976. Har sunan ma aro ne: tsohon garin Abuja, wanda Abu Ja na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa a 1828, shi ya ba da sunansa ya koma Suleja. Wannan alkawari ba wanda ya ji daɗinsa kamar baƙon da ya shekara talatin a kudu ana tambayarsa yaushe zai koma gida. An ce masa ga gari nan tafe wanda ba mai kiransa baƙo a cikinsa.

Sai aka kira masana daga Amurka suka zana taswirar birnin a 1979, wani gwanin zane daga Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. An ware wa Fadar Shugaban Ƙasa wuri, an ware wa Majalisa da Kotun Ƙoli, an ware Maitama da Asokoro domin manya da jakadu. Amma birkila da kafinta da leburan da za su ɗauki kwanon kankare a ka su hau bene da shi, su fa? Su aka tara a Nyanya, a sansanin leburori, da zaton in sun gama aiki za su karkaɗe riga su ɓace kamar aljanu. Wane gari ne a duniya ya taɓa rayuwa babu mai shara, babu mai gadi, babu mai wanki da guga, babu mahauci? Ashe masu zanen sun lissafa yawan ofisoshi, sun mance da wanda zai share su.

Ran 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka biyo shi babu shiri, jama'a suka biyo ma'aikatu, domin inda kuɗin gwamnati ya sauka nan talaka yake neman abinci. Ƙidayar 1991 ba ta sami mutum dubu 400 a ɗaukacin yankin ba. Ta 2006 ta sami miliyan 1.4, ban da ɗimbin waɗanda ke yini a Abuja su kwana a Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja cikin Jihar Neja. Waɗannan su ne ke fita tun kafin assalatu, su maƙale a hanyar Keffi sa'o'i a kan tafiyar da ba ta kai mil 15 ba, alhali kuwa gidaje masu bene suna nan a kulle a cikin birni, babu kowa ciki sai maigadi da ƙadangaru. Bam ɗin da ya tashi a tashar motar Nyanya da sanyin safiyar 14 ga Afrilu, 2014, ya hallaka mutum fiye da 70. Ba a ji sunan babban sakatare ko ɗaya a cikinsu ba. Masu sammakon neman abin sawa a baka ne, waɗanda tsadar haya ta kora bayan gari.

Masu kare gwamnati suna da hujjarsu, kuma ba za a ce ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Sukan ce in ba a tsare taswira ba, Abuja za ta zama wata Ikkon. Da wannan hujja Malam Nasiru El-Rufa'i, ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, ya saki katafila, kuma a faɗi gaskiya, ta taɓa gidajen wasu manya ma. Sai dai babban mutum in an rushe masa gida ɗaya yana da uku, yana da lauya. Mutanen Idu da Karmo da aka baje wa matsuguni ba su da kowa sai Allah. Ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli sun ƙiyasta cewa waɗanda aka tasa a waɗannan shekaru sun kai dubu 800. A 2006 kuma aka hana acaɓa a cikin birni, mafi yawan masu yinsa kuwa an san daga inda suka fito. A 2024 Minista Nyesom Wike ya yi shelar kama mabarata. Mazauna Ikko ba sa bukatar a yi musu tafinta, domin sun ga abin da aka yi wa Maroko a 1990, sun kuma ga hana acaɓa na 2022. Wanda ya bar Ikko don wannan ya nufi Abuja, ya gudu ne bai tsira ba. Tambayar da masu hujja ba su taɓa amsawa ba ita ce: kafin a rushe, ina aka tanadar wa mutanen su koma?

Dubi kuma jirgin ƙasa na cikin gari. An ciwo bashi daga ƙasar Sin, aka buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake buɗe shi a 2024. Ina ya nufa? Filin jirgin sama da Kubwa. Layin da aka zana zuwa Nyanya da Karu, inda cunkoson ya fi muni, aka bar shi a takarda. Ruwan madatsar Usuma ma haka: famfo a Maitama har da ban-ruwan furanni, a unguwannin bayan gari kuwa sai jarkar ɗan garuwa.

Su kuwa masu ƙasar, Gwari da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana, nasu ya fi ciwo. Da fari an ce za a kwashe su duka a biya su diyya. Da aka ga yawan kuɗin, gwamnatin Janar Obasanjo ta sake shawara a 1978, aka bar yawancinsu a inda suke, amma gonakin kakanninsu sun riga sun zama na Gwamnatin Tarayya. Bagwari ya wayi gari ɗan share wuri zauna a gonar ubansa. Ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Sanata ɗaya, 'yan Majalisar Wakilai biyu, sai ƙananan hukumomi shida. Wanda ke raba filaye minista ne da Shugaban Ƙasa ya naɗa, ba wanda ya jefa masa ƙuri'a, saboda haka ba wanda zai tsare shi da tambaya.

Abin da ake bukata ba ya buƙatar masana daga Amurka. A ja layin dogo zuwa Nyanya da Mararaba. A yanka ƙananan filaye masu ruwa da hanya, a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi da takarda a hannu. Kada katafila ta sake shiga unguwa sai an nuna wa mazaunanta inda za su koma. A biya masu ƙasa haƙƙinsu da aka riƙe tun 1976, a kuma ba mazauna yankin ikon zaɓen wanda zai mulke su.

Kafin a yi wannan, ɗan canji ko mai sayar da goro a Agege da ke tara kuɗi don ya mallaki fili a Abuja ya buɗe kunne. A yankin babban birni, ƙasa duka ta Gwamnatin Tarayya ce bisa tsarin mulki, kuma takardar da doka ta sani ita ce wadda ta fito da izinin ministan birnin. Takardar mai unguwa, ko ta dillali, ko ta wani da ya ce gadon gidansu ne, ba ta tsayar da katafila. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwana a fili a Karmo da irin wannan takarda suka saya, kuma tana cikin aljihunsu ranar da aka rushe.