Kafin Ka Sayi Rigar Bel, Wanke Jirginka: Yadda Ɗaurin Tamfol Ke Cinye Fentin Kwale-kwale A Kan Titi

A Amurka da ƙasashen Turai, masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa ba kasafai suke barin su a bakin ruwa ba. A gida suke ajiye su, ranar hutu su ɗora a kan ƙaramar tirela, mota ta ja zuwa tafki. Wani ƙorafi da ake ji a tsakaninsu shi ne, a lulluɓe jirgi da tamfol don kare shi, a isa inda za a je, a kwance, sai a tarar da zane-zane a gefen jirgin daidai inda kowane bel ya bi. Kasuwa kuwa ba ta barci: akwai rigar bel ta ulu, akwai ta soso, akwai ledar mannawa. A ganina yawancin masu sayen waɗannan kaya sun fara gyara ne daga wutsiya.

Mu fara da abin da ke lalacewa. Jirgin fiba ba fenti irin na mota ke jikinsa ba. Wani siririn shafi ne da ake kira jelkot, wanda ake fesawa a cikin mazubi tun kafin a shimfiɗa fibar, kuma kaurinsa bai wuce kusan rabin milimita ba. Shi ne launin, shi ne ƙyallin, shi ne kuma ke kare fibar daga ruwa. Ana iya goge ƙaramin zane da folish, amma kowace guga tana rage wani abu daga wannan rabin milimitar, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. In aka kai ga fiba, magana ta koma hannun masu gyara, su kuwa daidaita launin da ya sha rana da sabo ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgi mai baƙi ko shuɗi mai duhu ya fi tona asiri, tabo kaɗan sai ya fito fili.

Shi bel ɗin, in yana da tsabta kuma bai motsa ba, ɓarnarsa kaɗan ce. Matsalar tana zuwa ne idan abu biyu suka haɗu: ƙura da motsi. Yashi ya fi jelkot tauri nesa ba kusa ba. Ƙwayar yashi ta shiga tsakanin bel da jikin jirgi, iska ta riƙa kaɗa bel ɗin ba hutawa, ka ga an samu samfefa ke nan. Ƙarfin iskar da ke bugun tamfol kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. Idan ka ninka gudu daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, ƙarfin bugun ya ninka sau 4. Shi ya sa ɗaurin da ya zauna lafiya a cikin gari yake zama bulala a babbar hanya.

A nan ne nake da ja da rigar ulu. Tana da laushi, gaskiya ne, amma ulu ma'ajiyar ƙura ce. Wanda ya saka ta sau ɗaya ya bar ta wata da watanni ba wanki ya sayi samfefa mai tsada. Mu da muka san hunturu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa rufe motarsa da tamfol a kan ƙurar hazo, iska ta kwana tana kaɗa shi, ya san yadda fenti ke dusashewa a kusurwoyi. Abin da ke faruwa da jirgi ke nan, sai dai shi a guje.

Don haka matakin farko ba ya buƙatar sayen komai. A wanke gefen jirgin, a bar shi ya bushe, a wanke bel ɗin da cikin tamfol ɗin ma. Sannan a duba inda bel ke bi. Gara a ɗaure shi a jikin ƙarfen tirela ta yadda zai sauka ba tare da ya kwanta a kan jirgin ba, maimakon a zagaya da shi ta ƙarƙashin ciki. Kan bel da ƙugiya kada su taɓa jiki ko kaɗan, jelar da ta rage kuma a naɗe ta a ɗaure, don ita ce ta fi kowa duka. Akwai dabarar direbobin manyan motoci: a murɗa bel ɗin sau ɗaya a tsawon da ke rataye a iska, sai karkarwar ta ragu sosai. Irin zaren ma yana da tasiri. Nailan yana shan ruwa kuma yana miƙewa, foliyesta bai kai shi miƙewa ba, shi ya fi dacewa da wannan aiki. Bayan an ɗan taɓa tafiya a tsaya a sake ɗaurewa, domin tamfol yakan saki idan iska ta daidaita shi. Amma kada a wuce gona da iri da bel mai jak, yana iya tsaga gilashin gaba ko ya yaga ɗinki.

A cikin kayan kasuwa, wanda na yarda ya cancanci kuɗinsa shi ne ledar kariya mai garai-garai ta foliyuretan, irin wadda ake manna wa gaban motoci. Asalinta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi aka yi ta, shi ya sa har yau wasu ke kiranta da sunan wannan jirgi. Fifikonta a bayyane yake: ita manne take, ba ta motsi, don haka gugar tana ƙarewa a kanta. Tef ɗin masu fenti ma yana yi a tafiya guda, in dai za a cire shi da an isa, kafin rana ta dafa gam ɗin.

Sauran tambayar da masu sayar da tamfol ba sa so: dole ne a rufe jirgin a lokacin tafiya? Masu cewa dole suna da hujja. Akwai ruwan sama, akwai ƙwari da tsakuwa, akwai kujerun da iska kan ɗauke, akwai kuma idon ɓarawo a wurin shan mai. A doguwar tafiya ina tare da su, amma da sharaɗin tamfol ɗin wanda aka ɗinka daidai jikin jirgin ne kuma kamfanin ya ce an yi shi don tafiya. Tamfol na ajiya daban yake, a sake yake, a hanya zai cika da iska ya riƙa dukan jirgin da faɗinsa duka, babu rigar bel ɗin da za ta hana. In tafiyar minti 20 ce zuwa bakin ruwa kuma gari garau, a naɗe tamfol a sa a but, a ɗaure kujeru, a kama hanya.