Aikin Hannu a Gida: A Auna Tukuna, Kana a Sayi Ƙusa

A wannan wata za mu yi magana a kan aikin da maigida da uwargida da yara za su iya haɗa kai su yi da maraice, wato gina ƙaramar hanyar jirgin ƙasa a kan katako, da tasharta da gadarta da tuddanta. Yaranmu sun riga sun gwanance wajen ƙera motar kara da ta waya, saboda haka ba hannu ne za a rasa ba. Abin da ya kan ɓata aikin shi ne a ruga sayen kaya tun ba a zauna an shirya ba. Kuɗi ya ƙare, katako ya tare hanya a tsakar ɗaki, uwargida ta gaji da tsallake shi, daga nan sai gara ta gaje shi.

Shawararmu ita ce a zaɓi hanyar jirgi ta gaskiya a kwaikwaya, gama ita za ta amsa kowace tambaya: ina tasha za ta zauna, tarago nawa za a saya. Misalin da muka ɗauka shi ne hanyar Talyllyn a ƙasar Wales, cikin Birtaniya.

An gina ta a 1865 domin ɗauko dutsen allo, irin wanda a ke rufin ɗaki da shi, daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn a bakin teku. A 1866 ta fara ɗaukar fasinja. Faɗin da ke tsakanin ƙarafanta biyu ƙafa 2 ne da inci 3 kurum. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 ne da inci 6. A 1946 aka rufe mahaƙar, amma mai hanyar, Sir Henry Haydn Jones, ya ci gaba da tafiyar da jirgi har ya rasu a 1950. Da aka ga za a tumɓuke ƙarafan, sai wani marubuci mai suna Tom Rolt ya tara mutane a Birmingham suka kafa ƙungiya. Ran 14 ga Mayu, 1951, jirginsu na fari ya tashi. Ita ce hanyar jirgi ta farko a duniya da 'yan sa kai suka karɓa suka raya. Dattawan Zariya da Jos za su tuna da ƙaramin layin da ya haɗa garuruwan nan biyu, wanda aka rufe a 1957. Shi bai sami masu cetonsa ba.

Yanzu ga shirin, mataki mataki.

Na fari, ma'auni. Masu wannan aiki suna da ma'aunin da su ke kira OO9. A cikinsa milimita 4 ya ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya, wato an rage kome sau 76, faɗin ƙaramin layin kuwa milimita 9 ne. A sa yara su yi lissafi: ƙafa 2 da kwata sau 4, tara ke nan cif. Ashe ma'aunin ya yi wa Talyllyn daidai kamar an ɗinka mata.

Na biyu, wuri. Tsawon hanyar daga tashar Wharf a Tywyn zuwa Nant Gwernol mil 7 ne da kwata. Ko an rage shi sau 76, sai an sami fili mai tsawon ƙafa 500. Ba mai ɗaki irin wannan. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ce sai ya cusa dukan tashoshi a kan katako ɗaya, zai tarar kan jirgi ya shiga wannan tasha alhali wutsiyarsa ba ta bar waccan ba. A zaɓi wuri ɗaya a yi shi da kyau. Mai son bukkokin gyaran inji ya ɗauki Pendre. Mai son ganin jirage biyu suna kauce wa juna ya ɗauki Brynglas. Mu dai mun fi karkata ga Dolgoch, inda inji ya kan tsaya ya sha ruwa, ga itatuwa, ga ruwa mai gangarowa daga dutse, ga kuma gadar jan bulo mai baka uku. Tsayin gadar wajen ƙafa 50 ne, wato inci 8 a kan katakonmu. Tilas ke nan a ɗaga layin sama tun daga farko, domin kwarin ya sami wurin zama a ƙarƙashinsa. Tun ran gini ran zane.

Na uku, zamani. Wannan shi ne ya fi taɓa aljihu. Daga 1866 har 1950 inji biyu tak hanyar ta ke da su, Talyllyn da Dolgoch, da taragun fasinja huɗu, da na mai gadi ɗaya, sai taragun dutse. A 1951 aka sayo ƙarin inji biyu daga hanyar Corris wadda aka rufe a 1948, tashar Nant Gwernol kuwa sai a 1976 aka buɗe ta ga fasinja. Gidan da ya zaɓi shekarun 1930, inji ɗaya da 'yan taragu sun ishe shi, ba kuwa wanda zai ce an rage wani abu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na huɗu, alamar da za a gane wurin da ita. Sa'ad da jami'in gwamnati ya zo duba hanyar a 1866, ya tarar gadojin da jirgi ke bi ta ƙarƙashinsu sun matse. Maimakon a rushe su, sai aka matsa layin gefe ɗaya, aka toshe ƙofofin taragu na gefen da ya matse. Har wa yau taragun Talyllyn gefe ɗaya su ke da ƙofa, dakalin hawa jirgi kuma a wannan gefen ya ke. Wanda ya sa nasa dakali a gefe biyu ya gina wata hanya dabam.

Na biyar, zane. Tsohon ƙyaure mai faɗin inci 30 ya isa. A shimfiɗa kwali a kansa, a ɗaura fensir a zare mai tsawon inci 12, a zana kwana. Kwanar da ta yi tsanani da yawa ta kan ka da tarago. A yanka kwali gwargwadon tsawon jirgi, wanda ba zai kai inci 18 ba, a ja shi bisa zanen a ga ko tasha ta ɗauke shi. A bar rabin da'irar na baya a ɓoye bayan tudu, domin jirgi ya ɓace ya sake ɓullowa kamar daga Tywyn ya fito. Gyara a kan kwali ba ya cin ko kwabo.

Sai gargaɗi biyu. Waɗannan ƙananan injuna da wuta mai ƙarfin volt 12 su ke aiki ta wurin taransifoma. Kada ko kusa a haɗa layin da wutar gida kai tsaye. Ƙurar hunturu kuma ta kan hana wuta bin ƙarafan, sai a tanadi zanen rufewa. Injunan daga ƙasar waje a ke kawo su, suna da tsada, kada kuɗin cefane ko na makaranta ya bi su. Jirgin kwali da a ke turawa da hannu zai riƙe wurin har a tara.

A raba aiki: Baba ya riƙe awo da zarto, Mama ta riƙe asusu, yara su yi bulon gada da itatuwa. Wata mai zuwa za mu nuna yadda a ke yin tudu da tsohuwar jarida da dusar katako. Kafin nan, a zana, a goge, a sake zanawa.