Ɗan manomi da labarin ƙwallon lambu

A makon jiya na je Ɗanzomo, a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, don halartar sunan jikar yayata, sai na tarar da wata 'yar rigima a gidan. Babban ɗanta ya gama karatun aikin jarida, ya kammala bautar ƙasa, ya dawo gida ya ce shi aikin da zai yi shi ne kawo labarin ƙwallon lambu, wasan nan da aka fi sani da golf.

Bayan sallar isha'i mahaifinsa ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, ka yi wa ɗanka magana. Riɗi da zoɓo na sayar, har bijimi na kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis don ya yi karatun nan. Yanzu ya ce zai bi masu kuɗi suna dukan 'yar ƙwallo da sanda. Wa ya san wasan nan a nan?"

Ban ga laifinsa ba. Ƙannen yaron huɗu na makaranta, kuma kowa a gidan ya zuba ido ya ga ya fara kawo cefane. Amma da na zauna da yaron washegari, sai na fahimci ba shirme yake yi ba. Ya ce mini, "Kawu, masu sharhin ƙwallon ƙafa da Hausa sun yi yawa, kowane mai waya ya zama masanin Firimiya. Wannan wasan kuwa ban taɓa jin wanda ya zauna ya yi wa Bahaushe bayaninsa ba."

A nan ya yi gaskiya, kuma wasan bai yi mana nisa kamar yadda mahaifinsa ke zato ba. A Dutse, babban birnin jiharmu, akwai filin ƙwallon lambu da marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, ya kafa, ya cika shi da itatuwa. Sarkin, wanda ya rasu a watan Janairun 2023, shi kansa ɗan wasan ne. Akwai tsofaffin filaye a Kano da Kaduna da Zariya da Jos tun zamanin Turawa, ga kuma babban filin IBB a Abuja. Saboda ƙarancin ruwa, a filaye da dama na Arewa an daɗe ana amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa. Wannan kaɗai labari ne da mai sauraro zai so ya ji.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya zagaye su da mafi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Manyan gasanni na maza huɗu ne a shekara, uku a Amurka ɗaya a Birtaniya, kowace ana kwana huɗu ana fafatawa. Tiger Woods ya lashe ta farko a cikinsu a 1997 yana ɗan shekara 21, kuma ya tara 15 zuwa 2019. A 2016 aka mayar da wasan cikin gasar Olamfik bayan fiye da shekara 100 babu shi.

To, me na ce wa yaron? Na ce masa sha'awarsa tana da kyau, amma lissafinsa ne bai cika ba. Babu gidan rediyo ko jaridar Hausa da na sani da zai ɗauki mutum ya biya shi albashi don ƙwallon lambu kaɗai. Wanda ake ɗauka shi ne ɗan jaridar da ya iya rubuta labari, ya iya haɗa murya da bidiyo, ya iya zuwa kotu yau, gobe kasuwa, jibi filin wasa. Saboda haka ya fara neman ƙofa a gidajen rediyon Dutse ko Kano, ko da a matsayin mai koyon aiki ne, ya riƙe ƙwallon lambu a matsayin fagen da za a san shi da shi. Idan ya samu gindin zama, ya shiga ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN, domin ta nan ake jin labarin gasa da samun izinin shiga.

Na biyu, na ce ya yi aikin da ba wanda ya yi, wato samar wa wasan kalmomi. Yau kowane yaro ya san bugun daga kai sai mai tsaron gida da bugun kusurwa da satar gida, alhali masu sharhin rediyo ne suka yi ta maimaita su har suka zauna a baki. Duk wanda ya fara yi wa ƙwallon lambu wannan hidima, shi za a riƙa kira idan ana neman mai bayani.

Na uku, kada ya tsaya kan manyan mutane da kofunansu. Ya je wajen yaran da ke ɗaukar jakar sanduna, domin a Najeriya da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan daga nan suka faro, 'ya'yan talakawa ne irinsa. Ya tambayi masu ban ruwa da masu yanke ciyawa nawa ake biyansu. Ya binciko ruwan da fili ke sha a rani, a jihar da wasu ƙauyukanta ke layi a bakin rijiya. Mutumin Gagarawa ko Gumel da bai taɓa riƙe sandar ba zai tsaya ya saurari irin wannan.

Sai gargaɗi, wanda shi ya fi damuna. Wasa ne na masu hali da masu mulki, kuma bankuna da manyan kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin gasanninsa. Bayan taro za a miƙo ambulan a ce kuɗin mota ne. Yaron da ya fito daga gidan da ake ƙirga kwanon gero, karɓa za ta yi masa sauƙi. Amma ranar da ya saba, ya tashi daga ɗan jarida ya koma maroƙi, kuma ba zai ƙara iya rubuta abin da mai ambulan ba ya so ba. Idan kulob ya ɗauke shi aikin yaɗa labaransa, wannan sana'a ce ta halal, sai dai ya fito fili ya faɗi wanda yake yi wa aiki.

Kafin in taho muka zauna mu uku. Aka yi yarjejeniya cewa yaron zai taya noman daminar bana, bayan girbi a ba shi kuɗin buhun riɗi biyu ya sayi makirfo da abin ɗora waya, ya tafi Dutse wajen ɗan'uwanmu. An ba shi shekara guda. Duk mako zai fitar da shiri ɗaya a Facebook da YouTube, kuma zai ci gaba da neman aikin albashi. Idan shekara ta cika babu aikin, babu masu sauraro, zai dawo a sake shawara ba tare da gori ba.

Mahaifin bai ce ya gamsu ba. Abin da ya ce shi ne, "Allah Ya sa albarka, amma buhu biyu ne, ba uku ba."

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta zo muku da sana'ar da ba ku taɓa jin sunanta ba, yaya kuka yi? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.