Gyaran daɓen katako: a fara duba gwangwanin mai

A Amurka da Ingila, inda gidaje da yawa ke da daɓen katako, mai gida kan yi hayar injin gogewa na kwana ɗaya ko biyu ya sabunta daɓensa da hannunsa. Ina goyon bayan hakan. Aikin yana koyuwa: a fara da samfefa mai kaushi, lamba 36, a koma 60, a ƙare da 100, ana bin tsawon katakon, kuma ba a barin injin ya tsaya wuri ɗaya don kada ya yi rami. Inda nake da magana shi ne man da ake shafawa a ƙarshe, domin nan ne rayuka suka salwanta.

A jihar Masacuset ta Amurka, tsakanin 2004 da 2005, ma'aikatan gyaran daɓe uku, 'yan asalin Biyetnam, sun mutu a gobara biyu da suka tashi suna tsakiyar aiki. Suna amfani ne da wani man share fage mai saurin bushewa, wanda ake so saboda yana ba da damar gama aiki a yini guda. Tururinsa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana bin ɗaki, har ya tarar da 'yar wutar tukunyar gas ko tartsatsin lantarki. A 2010 jihar ta haramta shi a aikin daɓe. Man linsid kuma, wanda shi ma ake shafa wa katako, nasa makircin daban ne: yana fitar da zafi yayin bushewa, don haka tsummokin da aka goge shi da su, idan aka tara su wuri ɗaya, suna iya kamawa da wuta ba ashana ba komai. Haka aka yi a benen One Meridian Plaza mai hawa 38 a Filadelfiya a Fabrairun 1991, inda 'yan kwana-kwana uku suka rasu.

Wani zai ce to a bar wa ƙwararru mana. Amma waɗanda suka mutu a Masacuset sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Ƙwarewar hannu ba ta hana tururi kamawa. Zaɓen abin shafawa ne ke hanawa. Shi ya sa nake ganin duk mai yi da kansa ya tsaya ga man da aka haɗa da ruwa. Gaskiya ne ya fi tsada, kuma ba ya ba katako wannan launin zumar da mutane ke so. Sai dai yana bushewa cikin 'yan sa'o'i, warinsa kaɗan ne, kuma mai son launi yana iya rina katakon kafin ya shafa. Bambancin kuɗin bai kai na ƙofa ɗaya da ta ƙone ba.

Ƙurar ma ba abar wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman a hanci, don haka takunkumi mai tace ƙura wajibi ne, kuma a zazzage jakar ƙurar injin a waje kullum. Maganar ta shafi kafintocinmu ma, masu fesa wa ƙofofi da gadaje mai a ƙuntataccen shago, janareto na ruri a bakin ƙofa. Su buɗe tagogi, su nisanta wuta, tsumman da ya sha mai kuma su shanya shi a fili ko su nutsa shi cikin bokitin ruwa kafin su rufe shago.