Zaƙin Murya Ba Ya Wanke Jini

A birnin Bodo na Faransa aka kafa ƙungiyar mawaƙan rok ta Noir Désir a farkon shekarun 1980. Faifansu Tostaky na 1992 ya mayar da su muryar matasa masu ƙyamar zalunci. Kwatsam a 2003, a ƙasar Lituwaniya, jagoransu Bertrand Cantat ya lakaɗa wa masoyiyarsa, 'yar fim Marie Trintignant, dukan da ya yi ajalinta. Kotu ta ɗaure shi shekara 8, aka sake shi a 2007, ƙungiyar kuwa ta watse a 2010.

Har yau Faransawa na gardamar ko ya dace ya sake hawa dandamali. A ganina bai dace ba. Mai yi wa duniya wa'azin adalci, da halinsa na cikin gida ake fara auna shi.