KAMA DA WANE BA TA WANE

A dazuzzukan ƙasashe masu zafi akwai wani siririn maciji mai tsinin kai, wanda yakan lafe jikin reshe har a zaci shi ma reshen ne. Ana samun irinsa a Afirka da Asiya da Amurka, kuma duk wanda ya ga ukun a jere zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Alhali kuwa masana halittu da suka binciki ƙwayoyin gadonsu sun tarar ba haka ba ne. Na Asiya, wato Ahaetulla, danginsa na kusa su ne macizan nan masu shawagi daga bishiya zuwa bishiya. Na Amurka, Oxybelis, nasa gidan dabam. Na Afirka kuwa, Thelotornis, wanda akwai shi a kurmin kudancin Nijeriya, ɗan'uwansa shi ne bumsilan, macijin bishiya mai mugun dafi. Zaman kan reshe da farautar ƙadangaru su ne suka ba ukun siffa ɗaya.

Wannan rarrabewa ba ta malamai kaɗai ba ce. Saran na Asiya da na Amurka bai cika wuce kumburi ba. Dafin na Afirka kuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma har yau ba a haɗa makarinsa ba. A shekarar 1975 irinsa ya sari Robert Mertens, babban masanin macizai na Jamus, ya rasu bayan kwana 18.

Saboda haka manomi ko mafarauci da ya gamu da shi, ya ba shi hanya. Wanda ya sara kuwa a gaggauta kai shi asibiti, ko da bai ji ciwo ba tukuna.